Wa ke da ikon cewa a dakata? Wasiƙa kan tawagogin da ke ƙirƙiro sababbin kayayyaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya shafi matasanmu masu haɗa kai su ƙirƙiro sababbin kayayyaki, ko manhajar waya ce, ko injin sarrafa amfanin gona, ko abincin da ake ƙullawa a leda a kai kasuwa. A 'yan shekarun nan labarinsu ya yawaita a kafafen watsa labarai, kuma abin farin ciki ne, sai dai kusan duk tattaunawar ba ta wuce batun jari da horo da rashin wutar lantarki. Da wuya ka ji an taɓo yadda mutanen da ke cikin tawagar suke tafiyar da aiki a tsakaninsu, wato aƙidun da suke yanke shawara a kansu idan lokaci ya ƙure, kuɗi suka yi ƙasa, mai jari kuma yana ta bugo waya yana tambayar yaushe kaya za su fito. A irin wannan rana ce ake sanin ko tawaga tana da ƙa'ida, domin rubuta inganci da gaskiya da amana a jikin allo a rataye a bangon ofis ba ya cin ko sisin kwabo.

Idan aka ce in auna kowace tawaga da tambaya guda, zan tambaya ne ko mafi ƙanƙantar ma'aikaci a cikinta yana iya cewa a dakata, akwai matsala, a kuma saurare shi ba tare da ya yi asarar aikinsa ko mutuncinsa ba. Kamfanoni biyu da duniya ta sani sun amsa wannan tambaya, kowanne da irin tasa amsar, kuma labarinsu ya isa darasi ga duk mai son ƙera abin da jama'a za su dogara da shi.

A watan Disambar 2010 kamfanin Airbus na Turai ya sanar da sabon samfurin jirginsa A320neo mai ƙarancin shan mai, sai kamfanin Boeing na Amurka ya ga kasuwa tana neman kuɓuce masa. Maimakon ya zana sabon jirgi tun daga tushe, wanda zai ɗauki shekaru masu yawa, sai a 2011 ya yanke shawarar ɗora manyan injuna a kan tsohon samfurinsa na 737, ya kira shi 737 MAX. Da yake jirgin gajere ne daga ƙasa, dole aka matsar da injunan gaba aka kuma ɗaga su sama, wannan kuwa ya sa a wasu yanayi hancin jirgin yakan nemi ɗagawa fiye da yadda matuƙa suka saba. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke danna hancin jirgin ƙasa da kanta idan ta ga ya ɗaga da yawa. Manhajar ta dogara ne ga na'urar awon ɗagawar hanci guda ɗaya a lokaci guda, alhali jirgin yana da biyu, kuma ba a yi bayaninta a littafin matuƙa ba, saboda kamfanin ya yi wa masu saye alkawarin cewa wanda ya iya tuƙa tsohon samfurin ba ya buƙatar wani horo mai tsada a na'urar kwaikwayon tuƙi kafin ya hau sabon.

A ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin 737 MAX na kamfanin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta, mutum 189 suka rasu. A ranar 10 ga Maris na 2019 na kamfanin jiragen Habasha ya faɗi mintoci kaɗan bayan ya bar Addis Ababa da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. Rayuka 346 ke nan cikin ƙasa da wata biyar, kuma sai da wannan samfurin jirgi ya yi kusan wata ashirin a ƙasa kafin hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta sake ba shi izinin tashi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rahoton da kwamitin sufuri na Majalisar Wakilan Amurka ya fitar a watan Satumbar 2020 shi ne cewa akwai waɗanda suka hango haɗarin tun da wuri a cikin kamfanin. Tun a 2015 wani injiniya ya rubuta yana tambaya ko manhajar ba za ta shiga matsala ba idan waccan na'urar awo guda ta lalace. Kafin nan wani matuƙin gwaji na kamfanin ya ɗauki fiye da daƙiƙa goma kafin ya shawo kan irin wannan matsala a na'urar kwaikwayo, alhali an gina lissafin tsaron jirgin a kan cewa matuƙi zai farga cikin 'yan daƙiƙu kaɗan. A 2018 kuma wani babban manaja a masana'antar kamfanin da ke garin Renton mai suna Ed Pierson ya nemi a dakatar da layin haɗa jiragen na ɗan lokaci saboda ma'aikata sun gaji, kayan haɗi ba sa isowa a kan kari, ana kuma yin aiki ba bisa jeri ba. Matsalar da ya gani ta masana'anta ce, ba ta zanen manhajar ba, amma amsar da ya samu ta nuna halin da gidan yake ciki: ba a dakata ba. Rahoton ya ambaci cewa har agogo aka rataye a ɗakin taro yana ƙirga kwanakin da suka rage, don kowa ya san abin da shugabanni suka fi damuwa da shi. Duk wannan ya faru ne a kamfanin da ya rubuta tsaron rayuka a sahun gaba cikin aƙidunsa, kuma yake da injiniyoyin da ba a rasa irinsu a duniya.

Ɗaya kamfanin shi ne Toyota na Japan. Asalinsa daga masaƙa ne, domin Sakichi Toyoda ya kammala ƙera wani injin saƙa a 1924 wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi. Da iyalin suka koma ƙera motoci sai suka tafi da wannan tunani, injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka mayar da shi tsarin aiki. A masana'antunsu akwai igiya da aka shimfiɗa a saman layin haɗa motoci, wadda suke kira andon. Duk ma'aikacin da ya ga wani abu ba daidai ba, ko da ƙusa ce ta ƙi zama, yana iya jan igiyar. Fitila ta kama, shugaban rukuni ya taho da sauri, idan ba a warware matsalar kafin motar ta kai wani wuri da aka ƙayyade ba, layin ya tsaya. Shugaban da ya zo aikinsa shi ne ya taimaka a gyara, a kuma binciko musabbabin matsalar don kada ta dawo gobe.

Wani zai ce ai wannan tarbiyyar mutanen Japan ce, ba za ta yi aiki a wani wuri ba. An gwada. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a garin Fremont na jihar Kalifoniya wadda ma'aikatanta suka yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki da fitar da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da dama daga cikin tsofaffin ma'aikatan nan, aka tura wasunsu Japan suka koyo tsarin, aka kuma ba su igiyar. Cikin ɗan lokaci motocin da suke fitarwa suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen su ne na da, garin ma shi ne. Abin da ya sauya shi ne a da ana hukunta wanda ya tsayar da layi, yanzu kuwa ana gode masa. Ba na cewa Toyota waliyyi ne. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur, shugabansa Akio Toyoda ya amsa a gaban majalisar Amurka cewa saurin bunƙasa ya sa sun rikita abin da ya kamata su fifita, a 2014 kuma kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiya. Ko masu igiyar ma, ranar da suka ƙi sauraron ta sun ɗanɗana kuɗarsu.

Malam Edita, a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, domin tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da girmama na gaba, kuma wannan abu ne mai kyau da ba na fatan mu rasa. Sai dai a wurin ƙira yana da tsada idan ba a san yadda za a bi da shi ba. Yaron da ya tashi a shagon walda ko a garejin kanikanci ya san cewa ba a musu da maigida, idan an ce ya ɗaure ya ɗaure, ko da ya ga ƙarfen ya tsage. Wannan ɗabi'a tana bin matasanmu har cikin ofisoshin da ake rubuta manhaja. Na sha zama a irin taron da shugaba zai tambaya ko akwai mai magana, kowa ya sunkuyar da kai, a yi addu'a a tashi, sannan a bakin ƙofa ka ji ƙaramin injiniya yana raɗa wa abokinsa cewa wallahi abin nan ba zai ɗauki mutum dubu a lokaci guda ba. Ya sani tun a cikin ɗakin, amma ya auna ya ga faɗar gaskiyar za ta iya jawo masa sunan mai rashin kunya ko mai baƙin ciki, yin shiru kuwa ba ya jawo masa komai. Laifin a nan na shugaba ne fiye da na yaron, saboda shi ne yake da ikon sauya wannan lissafi. Shugaban da yake son ya ji gaskiya yakan bar ra'ayinsa zuwa ƙarshe, ya fara tambayar ƙananan ma'aikata da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mene ne zai iya lalacewa maimakon ya tambayi ko komai lafiya, idan kuma wani ya kawo labari mara daɗi ya gode masa a gaban kowa. Hausawa sun riga sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai na gaba ya nuna a aikace cewa haka ya ɗauke shi kafin na baya ya yarda.

Masu bincike ma sun iso wannan matsaya. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazari a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar da abin da ya ba ta mamaki, wato rukunan ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan rahoton kurakurai, kuma dalilin shi ne ba sa tsoron faɗa, yayin da sauran ke binne nasu. Kamfanin Google kuma ya fara wani nazari a 2012 a kan tawagoginsa 180, ya gano cewa abin da ya fi bambanta masu nasara da sauran shi ne ko mutum yana jin zai iya tambaya ko ya amsa kuskure ba tare da an muzanta shi ba. Mu kuwa ba ma buƙatar zuwa Harvard kafin mu san hukuncin ɓoye aibi. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a zaure ya san wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma ya san hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Manhajar da aka san tana iya haɗiye kuɗin mutum aka yi shiru aka sake ta, ko injin casa da aka san bel ɗinsa zai iya kama hannun riga aka fentice shi aka sayar, algus ne kamar kowane algus.

Abu na biyu da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne zuwa wurin wanda ake yi wa kayan, domin gani ya kori ji. Lokacin da Toyota ya ɗora wa injiniya Yuji Yokoya alhakin sake zana motar iyali ta Sienna ta 2004, sai ya tuƙa mota kimanin mil 53,000 a faɗin Amurka da Kanada da Meziko don ya ga yadda iyalai ke tafiya, yadda suke ci da sha a cikin mota, da yadda iska ke kaɗa ta a kan manyan gadoji. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne M-Pesa ta Kenya. Da aka fara gwajinta a garin Thika a 2005, an tsara ta ne don masu karɓar ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Sai tawagar ta lura mutane suna amfani da ita ta hanyoyin da ba a tsara ba: suna tura wa 'yan'uwa kuɗi, suna biyan abokan ciniki, wasu ma suna ajiye kuɗi a ciki kafin su hau mota don gudun ɓarayi. Tawaga mai girman kai da ta ce mutanen ba su fahimci kayan ba, a ƙara wayar musu da kai. Wannan kuwa ta ajiye shirinta na farko, aka ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar tura kuɗi gida. Haka nan wayoyin Tecno da suka cika aljihunanmu sun samu karɓuwa ne saboda masu ƙera su sun lura cewa mutumin nan yana riƙe layi biyu don sabis ba shi da tabbas, yana buƙatar batir mai jimiri don wuta ba ta zama, yana kuma son kyamarar da za ta fito da baƙar fata yadda take.

A ɗauki tawagar da ke rubuta manhajar lissafin ciniki don 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau. Idan a ofis mai sanyi suka gwada ta, a kan waya mai tsada da intanet mai ƙarfi, komai zai tafi daidai. Amma wanda aka yi dominsa yana tsaye ne cikin rana da hayaniya, gilashin wayarsa ya tsage, ma'adanarta ta cika da hotunan atamfa da saƙonnin murya, datarsa ta kusa ƙarewa, hannunsa ɗaya yana riƙe da kaya, mai saye kuma yana jira. Ya fi sakin jiki da yin magana a WhatsApp fiye da rubutu, cinikinsa da yawa bashi ne da ake biya kaɗan-kaɗan bisa yarda, kuma yana da littafinsa da bai taɓa neman kalmar sirri ba. Duk manhajar da ta nemi ya cika gurabe bakwai kafin ya rubuta cinikin turmi ɗaya, zai goge ta kafin la'asar. Wanda ya yini a rumfar nan yana kallo zai ga wannan da idonsa, kuma ba dillalin talla kaɗai ya kamata a tura ba. Shi kansa mai rubuta manhajar ya je, saboda shi ne zai koma ya yanke ɗaruruwan ƙananan shawarwari da ba wanda zai tambaye shi dalilinsu.

Game da yawan mutane ba zan tsawaita ba. Muna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gaskiya ne a gayyar noma, amma a aikin ƙira lissafin ya sha bamban, domin kowane mutum sai ya san abin da sauran ke yi. Tsakanin mutum biyar akwai hanyoyin magana goma, tsakanin mutum goma akwai 45, tsakanin ashirin kuwa 190. Shi ya sa Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa makara ne. Ƙaramar tawaga da ta haɗa mai zane da mai ƙira da mai gwaji da wanda ya san kasuwa, da kuma mutum guda da kowa ya san shi ne mai yanke hukunci na ƙarshe kuma shi zai amsa tambaya idan abu ya ɓaci, ta fi taron mutum talatin da aka ɗauko rabinsu saboda zumunci ko alfarma. Wannan batu na alfarma ma wasiƙa ce mai zaman kanta, domin ɗan'uwan mai kamfani da ba a iya yi wa gyara yana kashe bakin kowa a ɗakin.

Akwai kuma wata sabuwar al'ada ta kwaso tsare-tsaren aiki daga waje a haɗiye su ɗungurungum. Za ka ga tawaga tana taron tsaye kowace safiya, bango cike da ƙananan takardu masu launi, ana raba aiki mako biyu-biyu, ana kiran kowane abu da sunansa na Turanci. Wannan salo ya yaɗu ne bayan wata sanarwa da masu rubuta manhaja su 17 suka fitar a wani wurin shaƙatawa a jihar Utah ta Amurka a watan Fabrairun 2001, kuma abin da suka fara faɗa shi ne mutane da mu'amalarsu sun fi tsari da kayan aiki muhimmanci, abin da yake aiki kuma ya fi tarin takardu. Amfanin raba aiki gajere-gajere shi ne a fito da ɗan abu a sa a hannun mai amfani da shi da wuri, a ga inda ya yi tuntuɓe tun gyaran yana da araha. Idan taron safiya ya koma wurin da kowa ke karanta wa shugaba abin da yake son ji, to an ɗauki wahalar tsarin an bar amfaninsa. Ya kamata kuma a bambance: saurin fitar da gwaji ya dace da launin shafi ko tsarin maɓalli, amma abin da ya shafi kuɗin mutane ko lafiyarsu ko abincinsu ba a gwada shi a kan jama'a, sai an tabbatar, ko da abokin hamayya zai riga ka shiga kasuwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan wakilanku suka je hira da masu irin waɗannan kamfanoni, bayan tambayar nawa aka samu na jari da mutum nawa aka ɗauka aiki, su ƙara da wasu tambayoyin. Su tambayi mai kamfanin yaushe ne rabon da ya ɗage ranar fitar da kaya saboda maganar ƙaramin ma'aikaci, wane abu ne suka taɓa cirewa ko suka sauya bayan sun ga yadda masu saye ke amfani da shi, kuma ina mutum zai kai kuka idan kayan suka cuce shi, wa zai amsa masa, cikin kwana nawa. Idan da hali, a nemi jin ta bakin ma'aikatan su kaɗai ba a gaban maigidansu ba. Haka nan masu ba da tallafi da masu shirya gasar ƙirƙira, da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da ke yaye waɗannan matasa, ya dace su sa irin waɗannan tambayoyi cikin ma'aunin da suke zaɓen wanda za a ba kuɗi ko maki.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano